Zuciya Biyu

A titin Khalid bin Walid na Jidda,
bayan la'asar, shaguna na ɗaga ƙyaure,
na tsaya da riyal dubu da ɗari biyu
a aljihun gaba, na dafe su da tafi
kamar mai shirin rantsuwa.

Rumaisa ce ta aiko ni. Shekararta sha uku.
Ta rubuto sunaye a bayan takardar awon wani,
lambobi da haruffan boko, a ƙasa ta ja layi:
"Baba, kada ka yarda da mai zuciya biyu."
Na yi ta dariya a mota.
Haka kakarta ta gaya wa uwarta
shekarar da na fara zuwa zance.

Bawazir mai shago ya ɗauko wani ɗan abu,
bai kai kwalin ashana ba,
ya ɗora min a tafin hannu.
"Ga kwanyar kwamfuta. Zuciyarta biyu,
amma kowace gudu take kamar an koro ta.
Sabuwa dal, da garanti.
Rarar kuɗin ka zuba a katin hoto,
shi ne idon wasa."

Na ce, mai huɗu fa?
Ya danna kalkuleta, ya juyo min fuskarta.
Na mai da ido kan tafin hannuna.

Ni tela ne, ban san wasan nan ba.
Na dai san shagona a Karantina:
keke biyu, ni da Tanimu.
Watan Safar mu biyu mun isa, har mu sha shayi,
har Tanimu ya yi gyangyaɗi kan almakashi.
Amma bari azumi ya kai ashirin da bakwai:
mai wuyan riga na jira, mai maɓalli na jira,
ga wanda jallabiyarsa ta ɗage,
ga yaro an ce kada ya dawo hannu rabbana.
Ba sauri muka rasa ba a daren.
Hannuwa muka rasa.

Sai na ce, Bawazir, tsakaninka da Allah,
wasan 'yata Safar ne ko jajibiri?

Ya shafa gemu, ya dubi ƙofa.
"In tsohon wasa ne, Safar ne, ɗauki ka tafi.
In irin na mutum ɗari a fili guda ne,
ga ƙawaye na surutu a kunne,
ga harbi, ga hayaƙi, ga gini na rushewa,
hoton zai tsaya cak, ƙiftawar ido ɗaya.
A wannan ƙiftawar ake kashe mutum."

Araha ba ta ado, in ji mutane.
Masu faɗin haka ba su biya kuɗin iƙama bana ba.

Na ajiye masa kayansa, na yi godiya.
Ranar Juma'a na gangara gwanjon Sawarik,
tsakanin tsofaffin firji da darduma,
wani Basudane, Awad, ya zaro min mai huɗu
daga cikin akwati mai tabon shayi.
Ta sha hannu. Babu garanti.
"Garantinta ni ne," in ji shi,
"in kin same ni." Ya gyara: "In ka same ni."
Hausarsa ma ta sha hannu.

Yanzu ƙarfe ɗaya na dare.
Fankarta na kuka a ɗaki kamar kekena in ya so mai.
Rumaisa ta yi ihu sau ɗaya, ban san na murna ba ne
ko an harbe ta.
Ban tambaya ba.
Ina nan ina kalmasa bakin wandon wani,
ina tuna sabuwar can, mai sheƙi, mai garanti,
har yanzu da zuciya biyu.